Ragon Yayanki Yana Nan a Turke

Daura,
Laraba da hantsi.

Auta,

Sallama a gare ki, da maigidanki, da 'yan rigimata guda biyu. Ina fata takardar nan za ta same ku a Katsina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Mu nan sai godiyar Allah. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, wake kuma bana ya yi abin kirki a gonar babanku ta hanyar Sandamu, har Malam yana ta cika baki kamar shi ya saukar da ruwan. Allah Ya kai ki inda za ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya dawo mana da ke cikin aminci.

Na san za ki yi dariya ki ce ga waya a hannu amma Umma ta zauna rubutu. To, tsohuwar malamar firamare ba ta rabuwa da biro. Kuma waya ba ta da haƙuri. Kafin in kai inda na nufa kin ce, "Umma, ana nemana a ɗakin haihuwa, zan kira ki," shi ke nan maganata ta tsaya a maƙogwaro. Takarda ba ta katse mutum. Akwai saƙon da nake so ki kai wa yayanki da bakinki idan kin sauka Shikago: ina so ya zo gida. Magana ce gajera, amma na kasa faɗa masa da kaina, kuma sai kin ji yadda aka yi na kasa kafin ki iya isar da ita daidai. Ki yi haƙuri da ni, ta doguwar hanya zan biyo.

Na ga tsarin tafiyar da kika turo a waya. Bayan taronku na ma'aikatan jinya za ki hau dogon benen nan da ake hango gari daga samansa, ki je bakin tafkin da aka ce ba a ganin ƙarshensa, ki ga itatuwan da ganyensu ke komawa ja da rawaya a wannan lokacin. Malam ya sa tabarau ya daɗe yana duba hotunan, sannan ya ce, "Ikon Allah. Mu muna murnar amfanin gona, su suna ɗaukar hoton ganyen da ke shirin zubewa." Ki rabu da shi. Ni dai sun burge ni, kuma na ji daɗi a raina cewa 'yata ce za ta je ta gani da idonta.

Tafiyata ta farko mai nisa Jos ce. Ba a haife ki ba, ina koyarwa a Dutsi, aka zaɓe mu kwas na dogon hutu, ni da Gwaggonki Talatu ta Baure, wadda a lokacin ajinta ke jikin nawa. Kowa ya ce mana garin da sanyi. Na ce wane irin sanyi a tsakiyar damina? Na cika akwati da atamfofi da gyale shara-shara da wani takalmi mai tsini sabo fil, don kada 'yan birni su ce ga 'yar ƙauye ta zo. Talatu kuwa ta ɗauko wata tsohuwar rigar sanyi ta mijinta, ruwan ƙasa, da faci a gwiwar hannu. Tun daga tasha nake mata tsiya, ina ce mata ko gadi aka ɗauke ta.

Muna sauka yayyafi ya tarbe mu, da wata iska mai bi ta cikin ƙashi. A aji haƙorana suka riƙa kaɗawa har malamin da ke gaban allo ya juyo ya duba. Takalmin kuma ya sale mini dunduniya tun ranar farko. Ƙarshenta rigar gadin nan muka riƙa karɓa-karɓa, ita da safe, ni da yamma. Hoton nan na bangon ɗakina wanda kike cewa na yi ƙiba a ciki, ki sake dubawa da kyau, rigar mijin Talatu ce a ƙarƙashin gyalena.

Matar yayanki ta ce iskar garinsu daga kan tafkin take tasowa, kuma tun kafin sanyin gaske ya shigo take fara gaisawa da mutane. Saboda haka lesukan nan da kika kai ɗinki, ɗauki ɗaya don ranar taro, sauran su jira ki a gida. Ki nemi safa mai kauri da takalmi rufaffe wanda kin riga kin taka shi ya saba da ƙafarki, don an ce tafiyar ƙasa ake yi sosai a can. In sun miƙo miki babbar rigar nan mai kama da bargo, ki saka, ko da za ta mayar da ke kamar buhun gyaɗa. Babu wanda ya san ki a titin balle ya kawo labari Daura.

Sai maganar sallahu. Kafin mu tashi zuwa Jos ɗin nan, duk wanda ya ji labari sai ya leƙo. Wannan dankalin Turawa, waccan kabeji, wata kuma wai zaren saƙa. Ban iya cewa a'a ga kowa ba. Ranar da aka ba mu hutu aka kawo mota za a kai mu ganin duwatsu da gidan namun daji, sai na zame na nufi kasuwa. Talatu ta dawo tana ba da labarin zaki har da kwaikwayon kukansa, ni na dawo da buhu a ka da ciwon wuya. Kafin mu iso Daura rabin dankalin ya ruɓe, waɗanda suka samu kuma suka ce ƙanana na zaɓo. Har yau in aka ambaci Jos, abin da ke zuwa mini a ido layin masu dankali ne.

Ke ma na san an fara leƙo ki. Ki amsa wa kowa da fara'a, ki ce in Allah Ya sa an samu hali, kada ki ɗaure kanki da alkawari. Ba kasuwa aka aike ki ba. Ki hau benen, ki tsaya bakin ruwan, ki ɗauki ganye ɗaya ja ki sa a cikin littafi ki kawo mini, tsarabata ke nan. Abin da kika gani da ido shi ne naki har tsufa, sauran duk rabawa za a yi a manta. Ƙunshin da ba ki ga cikinsa ba kuwa, ko na wane ne, kada ya shiga jakarki. Na ba direba kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji ya kawo miki tare da takardar nan. Kilishi ban sa ba, yayanki ya ce ba a shiga musu ƙasa da nama. In an tambaye ki a filin jirgi abin da kika ɗauko, ki faɗa duka, in sun ce a bar wani abu ki bar shi ba gardama. Daddawa na yi niyya, Malam ya ce in tausaya wa sauran fasinjoji.

Wani abin kuma da ban taɓa gaya miki ba. A ɗakin da aka sauke mu na shimfiɗa dardumata inda raina ya ba ni nan ne gabas, na yi ta salla abina. Gari kullum a lulluɓe da hadari, ba a ganin rana. Ina jin nauyin in tambaya, wai ni malama guda a ce ban san gabas ba. Talatu kuma ta bi ni, don a ganinta 'yar gidan malamai ba za ta yi kuskure ba. Sai wata la'asar gari ya washe, na ɗago daga ruku'u, rana ta haske mini fuska ta taga. Ashe yamma muka sa a gaba tun zuwanmu. Talatu ta ce, "To, liman, sai ki san yadda za ki yi da mamunki." Mun yi dariya, mun yi istigfari, muka juya darduma.

Matambayi ba ya ɓata, Auta. Kina ajiye jaka ki tambayi alƙibla, don an ce a can ba inda kike zato take ba. Ki tambayi lokutan salla, yini gajere ne a wannan lokacin, kina idar da la'asar magariba tana ƙwanƙwasa ƙofa. Wai har agogo suke mayarwa baya idan sanyi ya matso, ni dai ban gane wa suke yi wa wayo ba. Jirgin ƙasan da aka ce yana bi ta saman titi, kada ki shiga don kin ga mutane suna shiga. Ki tsaya ki tambaya, ko sau nawa ne. Digirinki ba zai ragu ba.

Yanzu na zo kan wanda ya fi ci mini rai, kuma shi ne hanyar saƙona.

Cikin masu koyar da mu akwai wata Baturiya, mace mai kirki, ta gayyace mu gidanta cin abincin rana. Tun safe ban sa komai a ciki ba, don na ji an ce kaji ta yanka. Muka zauna, ta fito da babban faranti tana bi kan kowa. Ta zo kaina, ƙamshi har ƙwaƙwalwa, ta ce in ɗiba. Ni kuwa 'yar Daura, tarbiyyar Inna, na sunkuyar da kai na ce na gode, na ƙoshi. Kin san yadda abin yake a gidajenmu. Baƙo ya ce ya ƙoshi, mai gida ya ce haba dai, baƙo ya ce yanzu na tashi daga kan kwano, mai gida ya ce ko loma ɗaya don albarka, ya tura masa kwanon ya fita ya ba shi wuri. Sannan a ci har a suɗe.

Baturiyar nan ta yi murmushi ta ce to, ta wuce. Talatu ta tula shinkafa ta ɗora cinya biyu, ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ke dai zauna nan da kunyarki. Ni tawa a tashar Daura na bar ta, in mun koma na ɗauka." Na zauna ina jiran tayi na biyu. Matar ta sake zagayowa, zuciyata ta ce yawwa, sai ta ajiye mini kofin ruwa. Haka na wuni, cikina yana kiran ciroma, ina kallon Talatu tana tauna ƙashi.

Na daɗe ina ce wa matar nan marowaciya. Sai da na girma na gane ba rowa ta yi ba, ɗaukata ta yi mai gaskiya. Na ce na ƙoshi, ta yarda. Don haka in kin je, abin da kike so ki ce kina so tun a tayin farko, wanda ba kya so ki ce a'a cikin ladabi. In kin gaji ki ce kin gaji. In sanyi kike ji ki faɗa. Idan kiɗa ya canza rawa ma canzawa take, kuma wannan ba zubar da tarbiyya ba ne.

Ni mai ba ki wannan shawara, bara na sake maimaita kuskuren, da furfurata.

Ke auta ce, a cinyata kika girma, ba ki san yadda muka yi da yayanki ba. Ɗan fari ne. Ana yaye shi kakarku ta ɗauke shi zuwa Sandamu, can ya tashi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Shi ma Malama yake ce mini, kamar sauran yaran makaranta. Ranar da aka zo da labarin ya samu gurbin karatu a waje, gida ya cika da guɗa, ni na ce, "To, madalla," na shige madafi na zauna gaban murhu, wanda ya leƙo in ce hayaƙi ne. Ban ce al'adar banza ce ba. Haka aka yi mana, haka muka yi, kuma a da yana gane karatun. Ya san abin da ke cikin madallata. In ya zo hutu na ce me ya kawo shi da wuri, dariya yake yi ya wuce inda na ajiye masa fura.

Amma shekaru sun tafi, ya zauna cikin mutanen da a'arsu a'a ce. Ko ya kira ta wayar da ake ganin fuska, gaisuwa nake amsawa in miƙa wa Malam, in koma gefe ina leƙen angona Abba ta bayan kafaɗarsa. Yaron nan an sa masa sunan babanku, ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya fara surutu, duk a cikin gilashin waya. Ban taɓa jin nauyinsa a hannuna ba.

Farkon daminar bara matar yayanki ta ɗan tsegunta mini cewa suna shawarar zuwa gida lokacin kaka. Washegari na aika Baure, Talatu ta zaɓo mini ɗan rago fari mai baƙin kunne daga garken ɗanta. Na sa aka yi wa ɗakin waje fenti, na ce wa Malam ai dama ya yi datti. Ya kalle ni ta saman tabarau.

Da aka fara yankan gero sai ga kiransa, ina tsakar gida ina tsince wake. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, ina tunanin in kawo su Abba gida bana ku ga juna. Ko kuwa kina ganin mu bari sai an kwana biyu?"

Wallahi, Auta, sai da tiren ya kusa kifewa daga cinyata don murna. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wace gaggawa ake yi? Hanya da nisa, yaro ƙarami, ga aikinka. Mu lafiyarmu ƙalau. Ku yi zamanku."

Na yi shiru ina jiran ya ce haba Malama, ai mun riga mun shirya. Shi ma ya yi shiru. Can ya ce, "To, shi ke nan, yadda kika ce. Allah Ya kai mu wani lokacin." Muka yi sallama.

Malam yana kan tabarma a gindin darbejiya, ya ji komai. Ya san labarin Baturiya, don Talatu ba ta bar kowa bai sani ba. Ya ɗago ya ce, "Kin ƙoshi ke nan?" Na tashi na shiga madafi, ko wuta ban hura ba ranar balle in ce hayaƙi ne.

Ya ce zai kira shi ya warware, na hana. Ni na ƙulla. Na ɗauki waya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, da na ji muryarsa sai in tambaye shi ya sanyi, ya aiki, ya mai ɗaki, in miƙa wa Malam. Abin da ya fi damuna, kada yaron nan ya ɗauka da gaske ba na marmarin ganinsa. Shirun da ya yi kafin ya ce "yadda kika ce" bai bar kunnena ba har yau.

Ragon kuwa yana nan a turke. Da Babbar Salla ta zo Malam ya ce ga abin layya Allah Ya kawo har gida, na ce wannan da mai shi, dole ya je kasuwa ya sayo wani yana ƙunƙuni. Yanzu ya zama ƙato, ƙaho ya murɗe, dusa da harawa ba sa isarsa. Ya cinye mini gefen zane a kan igiya, ya tunkuyi Malam yana alwala har buta ta yi nata wuri. Maƙwabta Ba'amurke suke ce masa. Kullum da safe in na kai masa ruwa sai ya ɗago ya kalle ni, ni ma in kalle shi, kowa ya san abin da ake jira.

To, ga yadda za ki yi. Kada ki faɗa masa a mota daga filin jirgi, kada kuma ki faɗa a gaban baƙi. Ki bari sai ranar da ya kai ki bakin tafkin, kuna tafe ku biyu, hankalinsa a kwance. Labarin zuciya a tambayi fuska, shi ya sa na zaɓi bakinki a kan waya, don ke za ki ga tasa fuskar, shi kuma ya ga tawa a taki. Kada ki ƙara gishiri. Kada ki ce masa ba ni da lafiya ko Malam ya tsufa, lafiyarmu lau, muna ci muna sha, ba na so ya taho a firgice. Ki ce masa Umma ta ce a'ar bara ba ta kai zuci ba. Ki ce tayi ɗaya ya yi mata, ita kuwa 'yar Daura ce, na biyu take jira. Ki ce ɗaki yana nan da fentinsa, rago ya gaji da turke, rumbu ya cika, kuma tana so ta goya Abba tun bai fi ƙarfin bayanta ba. In ya tambaye ki ko da gaske ni na faɗa, ki ce ƙwarai, ina kewarsa, na daɗe ina kewarsa.

Malam yana gaishe ku, ya ce ki riƙe addu'ar hawa abin hawa, jirgi ma abin hawa ne. Gwaggo Talatu ta ce in an yi miki tayi ki tuna da ita. Yaran kuma ki kawo mini su kafin ki tashi, in ya so su taya ni faɗa da Ba'amurke.

Allah Ya sa ki tashi a sa'a ki sauka a sa'a. Ya haɗa ki da mutanen kirki a hanya, Ya kau da idon mugu daga kanki, Ya ɗaura miki sutura a inda ba ki da kowa sai Shi. Allah Ya tsare mini ke, Hafsatu, da maigidanki da 'ya'yanki. Ya tsare angona Abba da mahaifiyarsa. Na daɗe riƙe da biro a nan wurin, har Malam ya leƙo ya tambaya ko tawada ce ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Allah Ya tsare mini Yusuf, Ya kawo mini shi gida.

In ya yi miki gardama, ki nuna masa layin nan. Ya san rubutuna.

Mahaifiyarki,
Umma.